Bakwaini a asibiti: a bar uwa kusa da ɗanta

A wannan karon za mu tattauna kan jaririn da aka haifa kafin lokacinsa, wato bakwaini, da wanda ya zo duniya bai kai kilo 2 da rabi ba. A ƙauyukan Garagumsa kowa ya san yadda abin yake tafiya. Ungozoma ta ga yaro ƙarami, numfashinsa sama-sama, sai ma'aikacin lafiya ya rubuta takarda a wuce da shi Takeita. In abin ya fi ƙarfin Takeita, a kama hanyar Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 50, zuwa cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ko babban asibiti. Can za a sa shi cikin akwatin gilashi mai ɗumi, wanda ake ce wa kwalba, a saƙala masa ƴar robar iska a hanci. Daga nan sai dangi su ɗauka nasu aikin ya ƙare, su shimfiɗa tabarma a tsakar asibiti suna jiran abin da Allah zai yi.

Mu a ganinmu, a lokacin nan ne aikin dangi yake farawa.

Babban abokin gaban bakwaini shi ne sanyi. Ba shi da kitsen da zai riƙe masa zafin jiki, don haka ko da bazara yana iya yin sanyi, balle da hunturu. Kwalba tana ba shi ɗumi, amma kwalabe ba su da yawa, kuma aikinsu ya dogara ga wutar lantarki. Duk mai kiwon kaji ya san inda ƴan tsaki suke fakewa in iska ta taso. Ƙirjin uwa ma haka yake ga jariri, kuma ba ya ɗaukewa kamar wuta.

Likitoci sun gane haka tun 1978. A wani asibitin haihuwa na birnin Bogota, ƙasar Kolombiya, bakwaini sun yi yawa, kwalabe sun kasa. Sai Dokta Edgar Rey ya fara ɗora jariran a ƙirjin uwayensu, fata da fata. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabba ta ƙasar Ostiraliya mai renon ɗanta cikin aljihun cikinta. Mu sai mu kira ta goyon ƙirji. Ana cire wa yaro riga, a bar masa hula da safa da ƙyallen tsuguno, a jingina shi a tsaye tsakanin nonon uwa, a juya kansa gefe don ya sami numfashi, a ɗaure da zane.

Shekaru da yawa ana jira sai yaro ya warware kafin a miƙa wa uwa shi. A 2021 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 5, a Gana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, kan jarirai fiye da 3,000 waɗanda nauyinsu yake tsakanin kilo 1 da kilo 1.8. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka fara musu goyon ƙirji tun daga haihuwa, uwa na kwance cikin ɗakin jinyar tare da ɗanta, da robarsa da ƙarin ruwansa. Ɗaya kashin aka bi tsohuwar hanya. A watan farko, cikin kowane 100 na tsohuwar hanya an rasa kusan 16, a kashin goyon ƙirji kuwa 12. Ganin haka, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara goyon nan da nan bayan haihuwa, a yi ta yi awa 8 zuwa 24 kowace rana, kuma a sa iyali cikin jinyar. Yaron da ba ya iya numfashi da kansa ko ya galabaita ƙwarai, shi likita ne zai faɗi lokacin da za a fara.

To, awa 8 zuwa 24 ba aikin mutum ɗaya ba ne. Maijego tana bukatar barci da wanka da abinci, wata ma an yi mata aiki ba ta iya tashi. A binciken da muka ambata, in uwa ba ta da hali, wata ƴar'uwa ce take karɓar goyon. Kaka tana iyawa, inna da gwaggo suna iyawa. Uba ma yana iyawa, ko da yake mun san maza da yawa za su yi dariya in sun karanta wannan. Namijin da yake ɗauko ɗan akuya a kafaɗa tun daga daji, ba mu ga abin kunya ba in ya rungumi ɗan cikinsa awa biyu matarsa ta runtsa.

Uwar da take kusa ita ce kuma take tatsar nono a ba yaro da ƙaramin kofi ko ta roba, tun daga dakashi, wanda wasu suke zubarwa alhali shi ne rigakafin farko. Ita ce za ta fara lura in ƙafafunsa sun yi sanyi, ko jikinsa ya koma rawaya, ko numfashi ya tsaya, ta kira ma'aikaciya da sauri. Ma'aikaciya ɗaya mai gadaje da yawa ba za ta iya sa ido haka ba.

Saboda haka muna roƙon hukumomin lafiya na jiharmu su tanadi gado ko kujerar kishingiɗa ga uwa a gefen ɗanta, da ruwa da sabulu a bakin ƙofa. A bar uba ya shiga ya yi wa ɗansa huɗuba a kunne. A yi wa ƴar ƙauye bayani da Hausa, cikin natsuwa, ba da tsawa ba, domin wadda aka kunyata ba ta sake tambaya. Tsoron da ma'aikata suke yi na shigo da cuta gaskiya ne. Maganinsa a wanke hannu, a hana mai tari ko mura shiga, a tsayar da mutum biyu masu karɓa-karɓa, ƴan barka su dakata a waje.

Amma mafi yawan nauyin yana gida. Kwana shida ke nan a asibiti, sai saƙo ya zo daga uwar miji cewa gobe suna, a dawo da yaro. Ko a ce maijego ba ta fara wanka ba, ba ta sha kunun kanwa ba. In da damina ne a ce noma ya tsaya, babu mai kai fura gona. Sai a matsa wa likita, a ɗauko yaron da bai iya tsotso ba, a hau mota da shi cikin iska. Liman yana iya raɗa suna a gida, a yanka rago, yaro na kwance a Damagaram. Aski ya jira. Wanzami kada ya taɓa belin bakwaini, kuma kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko rubutu, domin yana iya shaƙewa; mai son yi masa addu'a ya yi daga inda yake.

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma kuɗin mota da abincin masu jinya suna wuyan iyali. Nan ne asusun mata da ƙungiyoyin manoma za su yi amfani: tiya biyu ta gero daga wannan gida, jaka ɗaya daga wancan, samari su yi wa maigida gayya a gona, kishiya ko makwabciya ta riƙe sauran yara. In an sallame su, goyon ƙirji yana ci gaba a ɗaki har yaro ya kai kilo 2 da rabi ko ya fara ƙin zama a zane, kuma a riƙa kai shi awo a ranakun da likita ya rubuta a takarda.