Taimin Bel: A Shago Ake Lalata Aikin

Yawancin kayan mota suna yin sallama kafin su mutu. Birki yakan yi kuka, batir yakan yi nauyin tashi da asuba, kuloci yakan fara santsi a hawan tudu. Taimin bel kuwa sau da yawa ba ya ba da wannan uzuri. Shi ne bel ɗin roba mai haƙora da ke ɓoye a bayan murfi a gefen injin, yana haɗa karanshaf da kamshaf, domin bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. Ranar da ya tsinke, injin yakan mutu nan take. A wasu injuna abin yakan tsaya nan, a canza bel a ci gaba da tafiya. A wasu kuwa fistin yakan doki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan injin gaba ɗaya.

Idan haka ta faru a cikin garin Katsina ko Zariya, asarar ta kuɗi ce da ɓata lokaci. Idan ta faru da la'asar sakaliya tsakanin Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari, ko a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ko tsakanin Ɗandume da Sabuwa, magana ta koma ta rai. Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi ba sa bukatar a tuna musu da sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ko katse layukan waya da aka yi musu a Satumbar 2021, lokacin da direban da motarsa ta tsaya a daji ba ya da ko hanyar kiran bakanike. Shi ya sa nake ganin ya dace a ba ɗan wannan bel fili a shafin ra'ayi.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, na lura masu mota da dama, har da abokan aikina malamai, sun koma sayo kaya da kansu, su yi aikin a ƙofar gida ko su kira yaron gareji ya taya su. Ban ga laifin hakan ba. Abin da nake cewa shi ne, ɗaurin bel abu ne da mai natsuwa zai iya koya, amma mafi yawan ɓarnar a wurin saye take aukuwa, tun kafin a ɗauki sifana.

Sunan mota ba ya sayen bel. Lambar injin ce take saye. Golf 3, wadda ke jigilar mutane da buhunan hatsi a hanyoyin nan, ta zo da injuna iri-iri, kuma bel ɗin mai 1.4 daban yake da na mai 1.8. Peugeot 406 ma haka: na farko da na baya ba injin ɗaya suke da shi ba. Wasu motocin ma sarƙa ce da su, kamar tsohuwar 504 mai fetur da Honda Accord mai fistin huɗu daga 2003, don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da taimin bel ɗinsu, ka riƙe kuɗinka. A Turai da Amurka lambar shasi ta wadatar a gano kayan da suka dace. A nan ba ta wadatar ba, domin motocin haya da yawa an riga an sauke musu injin na asali an ɗora tokumbo. A nemi lambar da aka buga a jikin injin ɗin kansa. Sannan a tafi kasuwa da tsohon bel, a ƙirga haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, a gwada faɗi, a duba siffar haƙorin, domin akwai mai zagaye akwai mai kusurwa. Bambancin haƙori ɗaya ya isa ya ɓata lissafin injin.

Inda na fi saɓa wa al'adarmu shi ne sayen bel shi kaɗai. Bel yana gudu ne a kan tenshina, mai riƙe shi a ɗaure, da wasu ƙananan fuli masu boris a ciki, kuma tare suka tsufa. Boris ɗaya ya ƙage, sabon bel ya tsinke ko ya zame kamar tsoho. A Toyota Camry mai 2.2 ta 1997 zuwa 2001, wannan bel ne ke juya famfon ruwa, har da na mai. A Accord mai 2.3 ta 1998 zuwa 2002 shi ke juya famfon ruwa, kuma akwai wani ƙaramin bel na biyu a kusa da shi da ake yawan mantawa. Camry ɗin tana da sauƙin hali, bel ya tsinke bawul ba sa taɓuwa. Accord ba ta yafewa. Tunda an riga an buɗe wurin, a canza famfon, a kuma canza sil ɗin mai idan ana ganin jiƙa, saboda baƙin mai yana cin roba.

Sai batun tokumbo. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a iya samun giyabos ko ƙofa na hannu masu kyau, ni ma ina saye. Amma ƙarfe ne wannan. Roba tana tsufa ko da a ajiye take, kuma zarurrukan da ke cikin bel suna karyewa ba tare da ido ya gani ba. Don haka ma sabon bel ɗin da aka rataye a ƙusa cikin rana, ko aka naɗe shi aka lanƙwasa don ya shiga leda, ba na sayensa. Kamfanoni irin su Gates da Continental da Dayco da Mitsuboshi sanannu ne a wannan fanni, sai dai sunan da ya fi shahara shi aka fi yi wa jabu, kuma buga kwali ya fi ƙera bel sauƙi. A duba ko lambar da ke kwali ita ce a bayan bel, ko rubutun ya fita tsaf, ko gefensa na fitar da zare. Farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna sosai shi ma shaida ne. A karɓi rasit mai sunan shago.

Wa'adin canji ya bambanta daga injin zuwa injin, kuma kamfanoni suna ƙayyade shi da nisan tafiya da kuma shekaru, duk wanda ya riga zuwa. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga. Mil 60,000 ya haura kilomita 96,000. Ga ƙura da zafi da lodin da ya wuce kima, ga mitar da ba a san ko an mayar da ita baya ba. Wanda ya sayi mota ta hannu bai ga shaidar canji ba, ya ɗauka ba a canza ba.

Bayan an ɗaura, kafin a murɗa makulli, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu, a tabbatar alamomin taimin sun dawo inda suke. Sannan a samu fenti a rubuta kwanan wata da adadin kilomita a jikin murfin bel ɗin.