Daga Allon Malam: Addu'ar Marubucin Braveheart

A wannan wata zan ba ku labarin wani Ba'amurke Kirista mai suna Randall Wallace, wanda ya rubuta labarin fim ɗin nan Braveheart. Waɗanda suka kalli fim ɗin sun san Mel Gibson, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya zauna ya rubuta shi, balle wahalar da ya sha kafin nan.

An haifi Wallace a 1949 a garin Jackson na jihar Tenesi. Ya yi karatun addini a Jami'ar Duke, har ya shiga sashenta na horar da limaman coci, amma bai zama fasto ba domin zuciyarsa tana kan rubutu. Ya fara gwada rubuta waƙoƙi a birnin Nashbil, abin bai karɓe shi ba, sai ya nufi Holiwud, inda bayan 'yan shekaru ya sami aikin rubuta wasannin talabijin. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya maza biyu, ya sayi gida, har ya ga kamar kakarsa ta yanke saƙa.

To, a 1988 sai ƙungiyar marubutan fina-finai ta Amurka ta shiga yajin aiki na wata biyar. Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya biyo baya a taron addu'a na ƙasa da aka yi a Washintan a watan Fabrairun 2011, Shugaba Barack Obama yana zaune a wurin. Ya ce kamfanin da yake wa aiki ya soke yarjejeniyarsu, ɗan abin da ya tara ya ƙare, waɗanda a da suke nemansa ko wayarsa ba sa amsawa. Wata rana yana zaune gaban teburinsa sai ya ga hannuwansa suna rawa, tsoro ya kama shi, domin yana yaro ya ga yadda mahaifinsa ya karaya bayan ya rasa aiki, har suka koma zama a gonar kakarsa.

Abin da ya sa na kawo muku labarin nan shi ne irin addu'ar da ya yi da ya durƙusa. Bai roƙi kuɗi ko suna ba. 'Ya'yansa ya sa a gaba, ya ce watakila ba babban gida suke bukata ba, abin da zai amfane su shi ne su ga yadda namiji yake tashi idan duniya ta kayar da shi, kamar yadda mahaifinsa ya tashi daga baya ya koma neman abinci. Sa'an nan ya roƙi cewa in ma faɗuwar ce rabonsa, to ya faɗi a kan abin da ya yi imani da shi, kada ya ƙare yana durƙusa wa wani mahaluki. Ya ce daga nan ya koma teburinsa ya fara rubutun da ya kai shi ga Braveheart.

Kada wani ya ɗauka addu'ar ce ta sauko masa da labarin daga sama. Tun shekarun baya da ya ziyarci Sikotlan ya ga mutum-mutumin William Wallace a ƙofar fadar Edinbara, jarumin da ya ci sojojin Ingila da yaƙi a gadar Stirling a 1297, aka kuma kashe shi a Landan a 1305. Ga kuma shekarun da ya yi yana rubutun talabijin, inda hannunsa ya faɗa. Abin da imaninsa ya yi masa shi ne cire masa tsoron faɗuwa, ya daina rubuta abin da yake zaton kasuwa tana so. Ai ko mu mukan ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Fim ɗin ya fito a 1995, kuma a 1996 ya ci lambobin Oska 5, har da ta fim mafi kyau. Shi Wallace an sa sunansa cikin masu takarar lambar rubutu, bai samu ba, kuma masana tarihi sun soki fim ɗin saboda ya kauce wa abin da ya faru a wurare da dama. Duk wannan bai sa ya ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Pearl Harbor na 2001, ya rubuta kuma ya shirya We Were Soldiers na 2002, sa'an nan Heaven Is for Real na 2014, wanda kai tsaye a kan imanin Kirista yake.

Saboda haka kai saurayi, ke budurwa, da kuke da littafin rubutu cike da labari kuna jin kunyar nuna shi, ku lura cewa mutumin nan yana da shekara 45 lokacin da Braveheart ya fito. Ku nemi sana'ar da za ta ciyar da ku, ku ci gaba da rubutu ko da shafi ɗaya ne a rana, ku kuma kai wa wanda ya fi ku sani ya gyara muku. Mu iyaye kuma mu tuna cewa 'ya'yanmu suna kallon yadda muke yi ranar da aiki ya ƙwace ko kasuwa ta faɗi, kuma da abin da suka gani a wurinmu za su yi aiki ranar da tasu ta zo.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.