Gida a Bakin Ruwa: Wa Ya Buga Hatimi?

A ƙasar Kanada mutane da yawa suna da ɗan gidan katako a bakin tabki, inda sukan je hutu lokacin zafi. Mai irin wannan gida ba ya jira sai hunturu ya iso. Tun sanyi bai kankama ba zai tsiyaye ruwan famfo kaf, domin ruwa in ya daskare yakan kumbura da wajen kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu. Zai janye kwalekwale zuwa tudu, ya sare reshen da guguwa ke iya kayarwa bisa rufi. Duk da haka, a watan Mayu na 2013 iska ta ingizo tulin ƙanƙara daga tabkin Dofin na lardin Manitoba, ta murƙushe gidaje cikin 'yan mintoci. Wace dabara ce za ta ceci ginin da aka kafa dab da gaɓa?

To 'yan'uwa, mu tabkinmu ba ya daskarewa, amma muna da damina. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malale cikin Maiduguri, kamar yadda ya yi a 1994. Shekara 30 sun isa gari ya manta, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba.

Ba mu raina yaɓe kafin damina ba, ko gyaran indararo, ko yashe lambatu, ko ɗaure kwano don iskar bazara. Lalle a yi su. Amma a ganinmu, tsaron gida yana farawa ne tun ranar da safiyo ya kafa turke. Kakanninmu sun bar wa rake da shinkafa fadama, suka zauna a tudu, ba don sun karanta injiniya ba. Yau ana yanka fadamar fuloti-fuloti, talaka ya saya don araha, in ruwa ya ci shi a ce ganganci ya yi. Shi ya buga hatimin?

Masu buga hatimin gobe mu ne. Fayil zai zo teburinmu, watakila tare da ɗan saƙo daga wani babba. Ranar nan, kafin mu ɗauki alƙalami, mu taka zuwa wurin, mu nemi dattijon unguwa ya nuna mana inda ambaliyar baya ta tsaya a jikin bango.