Ƙurajen Kunzugu: Iska da Ruwa Sun Fi Man Kemis

Daga cikin lalurorin da ke damun jarirai akwai wata da ba kasafai ake kai ta asibiti ba, amma da wuya a sami gidan da ba ta taɓa shiga ba. Ita ce ƙurajen kunzugu, wato saɓar fata da ƙurajen da ke fitowa a ɗuwawu da cinyoyi da gaban jariri, daidai inda tsumma ko famfas ke rufewa. A Kende da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, inda zafin bazara kan wuce digiri 40 tsakanin watan Maris da Mayu, kuma jariri kan yini a goye, wannan lalura ba baƙuwa ba ce. Ra'ayina shi ne cewa yawancin wahalar da jarirai ke sha a kanta mu manya ne ke jawo ta, ta hanyar barin kunzugu ya daɗe a jiki, da kuma shafa magungunan da suka fi ciwon haɗari. Maganinta na ainihi kuwa yana cikin kowane gida.

Yadda ciwon ke samuwa

Domin ɗalibi ya fahimci magani, wajibi ne ya fara sanin musabbabi. Fatar ɗan'adam tana da ɗan tsami a samanta. A ma'aunin da masana kimiyya ke kira pH, tsamin fata kusan 5.5 ne, alhali ruwa zalla 7 ne. Wannan tsami garkuwa ce ga fata. To, a cikin fitsari akwai sinadarin yuriya, irin wanda manoman shinkafa suka sani a buhun taki. Idan fitsari ya cuɗanya da kashi, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin kashin sai su farfasa yuriyar ta koma amoniya, wadda ita ce warin nan mai hawa kai da ake ji idan an kwance kunzugun da ya kwana. Amoniya tana rage tsamin fata. Da zarar tsamin ya ragu, sai sinadaran narka abinci da suka biyo kashi su ƙara ƙarfi, su shiga cin fatar kamar yadda suke narka nama da mai a cikin hanji. Ga laima ta tausasa fatar, ga kuma gogayyar kunzugu. Haɗuwar waɗannan abubuwa ita ke haifar da ciwon.

Wannan bayani ya warware wasu abubuwa da iyaye mata suka daɗe suna lura da su. Ciwon ya fi yawa tsakanin wata 9 zuwa 12, lokacin da yaro ya saba da kunu da tuwo kuma yanayin kashinsa ya sauya. Lokacin ya zo daidai da fitar haƙora, shi ya sa ake ɗora wa haƙori laifi. Haka nan yakan tsananta idan yaro na zawo, domin kashin yana fita akai-akai ɗauke da waɗancan sinadarai masu yawa. Jaririn da ke shan nonon uwa zalla kuwa bai cika kamuwa ba, wanda ƙarin dalili ne na bin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shayar da nono kaɗai har wata 6.

Yadda ake gane shi

Littattafan da aka rubuta a Ingila da Amurka sukan ce fatar tana yin ja. A jikin baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da uwa za ta gani shi ne wurin ya yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi fari-fari, ko yana sheƙi, ga ɗumi idan an taɓa, yaro kuma yana tsala kuka da zarar ruwa ko fitsari ya taɓa wurin.

Ciwon iri biyu ne, kuma bambance su ba shi da wuya. Na farko, wanda ya fi yawa, yana kama wuraren da suka taɓa kunzugu kai tsaye, ya bar cikin matsematsi lafiya lau. Na biyu kuwa wata ƙwayar cuta ce dangin yis mai suna kandida ke kawo shi. Shi yana shiga har cikin matsematsi, gefensa a fili yake, kuma akan ga ƙananan ƙuraje warwatse a kewayensa. Yakan biyo bayan shan maganin kashe bakteriya, wani lokaci kuma a ga farin abu a harshen yaron kamar guntun nono wanda ba ya goguwa.

Maganin da ke cikin gida

Na ɗaya, a canja kunzugu da zarar yaro ya yi kashi, in kuwa fitsari ne kada a wuce awa 2 zuwa 3. Na biyu, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi mai tsabta, ba tare da dirza ba, 'ya mace kuma a wanke ta daga gaba zuwa baya. Na uku, a tsane ruwan da ƙyalle mai laushi, sannan a bar yaro tsirara a kan tabarma ko zane ya sha iska sau da yawa a yini. Na huɗu, a shafa mai da kauri domin ya shiga tsakanin fata da fitsari. Man da ke ɗauke da sinadarin zinc oxide da kuma basilin marar turare su ne likitoci suka fi ba da shawara a kai, man kaɗanya mai tsabta ma yana tare laima. Tsumman kunzugu kuwa a wanke shi da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta fita sarai, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Idan aka kiyaye waɗannan, yawanci ciwon kan lafa cikin kwana 3.

Wani zai ce ai famfas ya fi tsumma tsotse fitsari. Gaskiya ne, kuma tun da kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a Amurka a 1961 aka yi ta inganta shi. Sai dai famfas kuɗi ne, kuma uwar da ke saye ɗai-ɗai a shago takan so guda ya kai ta daga safe har dare. A nan ne amfaninsa ke komawa illa. A ganina tsumma goma da ake canjawa a kan kari sun fi famfas ɗaya da aka bari ya yini. Wadda ke da hali ta ajiye famfas domin tafiya ko ranar kasuwa, ba kuma abin kunya ba ne a ga jariri da tsumma.

Abubuwan da ya kamata a guje wa

Babban haɗari shi ne man shafawa mai haɗi biyu ko uku da ake sayarwa a kemis da kasuwanni, wanda a jikin kwalinsa za a ga an rubuta betamethasone ko clobetasol. Waɗannan magunguna ne masu ƙarfi na dangin siteroyid. Suna kwantar da kumburi cikin dare ɗaya, shi ya sa iyaye ke yabonsu. Amma fatar jariri siririya ce, kuma idan aka rufe wurin da kunzugu sai maganin ya ratsa ya shiga jini. Yawan shafa shi yana sa fata ta ƙara sirancewa, ya ba kandida damar yaɗuwa, har ya kan kumbura fuskar yaro ya tauye girmansa. A yanki irin namu mai iyaka da Jamhuriyar Benin ta Tsamiya da Lolo, akan ci karo da kwalin da rubutunsa na Faransanci ne. Ɗalibi ya sani cewa sunayen nan biyu kusan iri ɗaya ake rubuta su a Turanci da Faransanci, saboda haka zai iya gane su.

Hoda ma ba magani ba ce. Ƙurarta na shiga huhun jariri, idan kuma ta jiƙe sai ta dunƙule a matsematsi. Kamfanin Johnson & Johnson da kansa ya daina sayar da hodarsa ta jarirai mai sinadarin talk a duk duniya a 2023. Haka kuma a guji toka da kanwa da man zafi, da cusa jiƙo a duburar yaro da sunan maganin basir ko ɗankanoma, domin fatar da ta saɓe ƙuna kawai za su ƙara mata.

Lokacin zuwa asibiti

A garzaya wurin ma'aikacin lafiya idan ciwon bai lafa ba bayan kwana 3, ko ya shiga matsematsi, domin kandida sai da maganinta irin su nystatin ko clotrimazole. Haka nan idan akwai zazzaɓi, ko ruwan mugunya, ko bororo, ko jini, ko jaririn bai kai wata 2 ba. Idan fatar na ɓarewa tare da kumburin ƙafa ko rama, wannan alamar tamowa ce, ba a jinkiri da ita. Idan kuwa zawo ne tushen matsalar, sai a ba da ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shawarta tun 2004.

Kira ga ɗalibai da malamai

A gidajenmu sau da yawa yayye mata ne ke rainon ƙannensu, kuma ɗan sakandare ne ake miƙa wa kwalin magani ya karanta. Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya da na koyar da kula da gida su sanya wannan batu cikin darasinsu. Shi ne misali mafi kusa na tsami da kishiyarsa, da aikin ƙwayoyin cuta, wanda yaro zai iya gani da idonsa. 'Yan maza ma kada a ware su, domin su ne gobe za su riƙa zuwa kemis da kuɗi a hannu. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya koma gida yau ya duba kwalin man da ake shafa wa ƙaninsa, ya kuma roƙi mahaifiyarsa ta bar yaron ya sha iska, ya fara cin moriyar karatunsa ke nan.