UWAR MARAYU TA GA LISSAFI

Jama'a, a wannan mako za mu yi magana a kan wani zalunci da ake yi wa mata a cikin gida, ba kulki ba sanda, har ya zama jiki. Mutum ya rasu ya bar gona da shanu da 'yan kuɗi, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Kafin matar ta fita takaba, watau wata huɗu da kwana goma, an raba gado, an ba ta nata tumunin, rabon yara kuwa an ce yana hannun baffansu ko yana kotu. Daga ran nan ba ta sake jin labarinsa. Kadan ta tambaya a ce ta cika kwaɗayi, ko a ce mace ba ta shiga maganar maza. Wannan hali yana nan a Ruwan Bago da sauran garuruwan Rogo da Karaye, yana nan a birni.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A misali, bayan an biya bashi da kuɗin jana'iza, mamaci ya bar naira 800,000, iyayensa ba su da rai, yana da mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3. Matar tana da tumuni, naira 100,000. Ragowar 700,000 na yara ne, kowane namiji 200,000, kowace mace 100,000. To, wa ke dafa wa yaran nan tuwo? Wa ke kai su asibiti cikin dare? Uwa ce. Ashe mai ɗaukar nauyi duka ita aka hana sanin inda kashi bakwai cikin takwas na dukiyar gidan ya shiga.

Masu yin haka sukan fake da addini, amma addini bai ba su mafaka ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, mai kula da dukiyar yaro shi ne ubansa, sa'an nan wasiyyin da uban ya naɗa, sa'an nan alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Baffa da kaka da babban wa ba su da wannan iko don zumunta kawai. Har wa yau uba yana iya naɗa matarsa ta zama wasiyyiya, Shari'a ba ta hana ba. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umurci mai riƙon dukiyar maraya ya mayar masa da ita idan ya isa ya yi hankali, kuma a gaban shaidu. Aya ta 10 ta yi wa mai cin ta gargaɗi da wuta. Ina amfanin shaidu a ranar mayarwa in ba wanda ya san abin da aka karɓa a ranar farko?

Kada a ce in kuɗi suna kotu shi ke nan an huta. Dattawa suna tune da zamanin En'e, lokacin da kotun alƙali ke cire ushira daga gado, talaka kuwa ba shi da bakin tambaya. A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ga gwamnati, a 2000 kuma Jihar Kano ta faɗaɗa aiki da Shari'a. Duk da haka a farkon 2023 aka gurfanar da waɗansu ma'aikatan kotunan Shari'a na Kano bisa zargin wawure kimanin naira miliyan 500, kuɗin da aka ce akwai na marayu a ciki. Yanke hukunci aikin kotu ne. Abin da ya dame mu shi ne, da kowace uwa tana riƙe da rasit, tana da ikon zuwa ta duba, da ba a daɗe ba kafin a ga ramin.

Ko ba a saci kwabo ba, kuɗin da aka ajiye aka manta suna narkewa. Kowane ɗan kasuwa ya shaida. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Uwar da ta san abin da 'ya'yanta suka mallaka tana iya roƙon alƙali a saya musu gona ko saniya tun kuɗin suna da daraja. Wadda aka rufe wa ido sai ta wayi gari kuɗin sa ya koma kuɗin tunkiya.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, ranar da aka raba gado a rubuta rabon kowane yaro, da iyakar gonarsa da yawan dabbobinsa, a ba uwa kwafi a hannunta. Na biyu, mai riƙon amana ya yi lissafi sau ɗaya kowace shekara bayan kaka, gaban uwa da liman da mai unguwa: buhun masara nawa aka samu, rake nawa aka sayar, nawa aka kashe wa yara. Na uku, kuɗin da ke kotu a ba da rasit, kuma uwa ta ga takardar banki duk ran da ta nema, ba sai ta ba kowa goro ba. Na huɗu, kada a sayar ko a jinginar da gonar maraya sai da izinin alƙali da sanin uwa. Ko ta sake aure, 'ya'yanta ne, sanin nan bai faɗi ba.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano ta mayar da waɗannan doka. Muna kira ga Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi Karaye da Rogo, ta umurci dagatai da masu unguwanni su fara tun yanzu, domin takarda da alƙalami ba sa jiran doka. Ke kuma uwar marayu, ki sani ƙofar alƙali a buɗe take gare ki, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba shari'ar gado da ta riƙon yara.

Ku kuma 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa, kowa ya rubuta wasiyya tun yana da lafiya, ya faɗi wanda zai riƙe wa 'ya'yansa, ya faɗa wa matarsa abin da ya mallaka da wanda yake bi bashi. Baffan kirki ba zai ji haushin lissafi ba, don ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wanda ya ji haushi kuwa, a dube shi da kyau.

Allah ya jiƙan mamatanmu, ya raya marayu, amin.