Kafin Mu Cike Tsakar Gida da Siminti



Duk wanda ya ziyarci ƙubbar Mahadi a Umdurman ya ga gidan da ke daura da ita, wato Baitul Khalifa. An gina ƙasansa a 1888, aka ɗora masa bene a 1891, ya zama gidan tarihi a 1928. Mai shi, Khalifa Abdullahi, ya riƙi mulkin Sudan daga 1885 har zuwa yaƙin Karari na 1898, amma bai nemi dogon gini ba. Katanga mai kauri, ɗakuna masu sanyi, farfajiya bayan farfajiya, iyakar ƙasaitarsa ke nan.

Kakanninmu da suka taho a ƙasa kan hanyar Makka ba su ga baƙon abu a irin wannan gini ba. Diwan zaure ne, hosh tsakar gida, rakuba rumfa, zir kuwa randa. Da suka samu muhalli sai suka dasa darbejiya don inuwa, lemun tsami don mura, lalle don amare.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 bai ƙyale gidan Khalifa ba, balle namu. Yanzu da wasunmu ke komawa Khartum da Umdurman, muna yawan jin shawara guda: a sare bishiya, a cike fili da ɗakunan haya na siminti da kwano.

Ba mu raina uzurin ba. Aljihu ya bushe, damina kuma takan ci ginin ƙasa. Sai dai maganin wannan tsoho ne: tushen jan bulo, indararo, da yaɓe kafin saukar ruwa. Ɗakin kwano kuwa, a zafin Mayu babu lantarki, tanda ne.

Akwai asarar da ta fi zafi ciwo. Makaranta da kasuwa Larabci suke yi da 'ya'yanmu. Hausa a gindin bishiya suke jin ta, a bakin kaka mai tatsuniya, da zauren da ake raɗa suna, ake karɓar gaisuwa, ake sulhu. In wurin zaman ya tafi, a ina harshen zai zauna?

Roƙonmu ga duk mai sake gini: ya bar zaure, ya bar bishiya ko da ɗaya ce, ya bar filin shimfiɗa tabarma. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da Sudan lafiya.