Agadas Da Tenere: Ina Makomar Sana'ar Jagorancin Baƙi?

A cikin watan Janairu na shekarar 2025 waɗansu 'yan bindiga suka ɗauke wata Baturiya 'yar ƙasar Ostiriya a garin Agadas na Jamhuriyar Nijar, inda ta daɗe da zama. Cikin watan Afrilu kuma aka sake ɗauke wata 'yar ƙasar Suwizalan a wannan gari. Ga direbobi da 'yan jagora da maƙera da masu masaukin baƙi na ƙasar Azbin, al'amarin ya zama famin tsohon miki, domin ya ƙara nisanta ranar da suka daɗe suna jira, watau ranar da ayarin baƙi masu yawon buɗe ido zai komo. Ya kyautu a duba yadda wannan sana'a ta tashi, da abin da ya kayar da ita, da kuma abin da hukumomin ƙasar nan za su koya daga gare ta.

ABIN DA KE JAWO BAƘI

Abu biyu Agadas ta haɗa waɗanda ba safai ake samun su a wuri ɗaya ba. Na farko shi ne tsohon birni. Tun ƙarni na 15 Sarkin Azbin ya zauna a nan, garin kuwa ya zama babban zango na fatake masu ratsa Sahara. Hasumiyar babban masallacinsa, wadda aka gina da tubalin ƙasa wajen shekarar 1515, aka kuma sabunta ta a 1844, tsawonta mita 27 ne. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin a 1850 kafin ya iso Kano, har yau kuwa ana nuna gidan da ya zauna. A shekarar 2013 Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin, da unguwanninsa 11, a cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Na biyu shi ne dajin da ke bayan gari. Arewa da Agadas akwai duwatsun Azbin, gabas da su kuma rairayin Tenere ya miƙe har Fachi da Bilma, inda ayarin raƙuma ke ɗauko kantun gishiri. A tsakanin duwatsun akwai Timiya mai lambunan lemo da rumman da dabino, da Iferwan, da kufan birnin Asode. A Dabus akwai zanen raƙumin dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5. Can nesa a arewa maso gabas kuma akwai kangayen Jado.

Tafiyar da aka saba shiryawa takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris. Baƙi su kwana biyu suna zaga gari, sa'an nan su hau motocin Land Rover ko Toyota su bar kwalta. Mota ɗaya ba ta shiga Tenere ita kaɗai. Kowane ayari yana da jagora wanda ya san rijiyoyi, yana kuma gane hanya da taurari da yanayin tudun rairayi. Akwai direbobi da suka iya rage iskar taya da tono mota in ta kafe, ga kuku, ga makanike. A taƙaice, tsarin madugu da zango ne na zamanin fatauci, sai dai mota ta maye gurbin raƙumi, baƙo mai kuɗi kuma ya maye gurbin kaya.

YADDA SANA'AR TA TASHI

Farin da aka yi a shekarun 1973 da 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, ya hallaka dabbobin Buzaye masu yawan gaske. Makiyayan da suka rasa garke suka kwararo cikin gari ba su da wata dukiya sai sanin daji. Daidai wannan lokaci ne Turawa suka fara sha'awar Sahara. Gasar tseren motoci daga Paris zuwa Dakar, wadda wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ƙago a ƙarshen 1978, ta riƙa bi ta Agadas, hotunan Tenere suka cika talabijin a Turai. Wani ɗan Azbin mai suna Mano Dayak ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet, waɗansu kuma suka bi sahunsa.

Amfanin wannan sana'a shi ne kuɗinta na ratsa hannuwa da yawa. Ma'adinin yuraniyam da ake haƙa a Arlit tun farkon shekarun 1970 ya fi ta kawo wa gwamnati kuɗi nesa ba kusa ba, amma a wancan lokaci ribarsa Yamai da Faransa ta riƙa nufa. Kuɗin baƙo kuwa a gari yake faɗuwa. Maƙerin da ke ƙera sarƙar azurfa mai siffar Agadas ya samu, baduku ya samu, mai lambu a Timiya ya sayar da lemonsa, mai raƙumi ya ba da haya, mai gareji ya yi gyara. Wannan shi ya sa mutuwarta ta fi yi wa talaka ciwo fiye da yadda lissafin baitulmali zai nuna.

ABIN DA YA KAYAR DA ITA

Sau uku ana yi wa sana'ar mugun bugu. Na farko shi ne tawayen Buzaye da ya ɓarke a 1990, aka kuma sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu, 1995. Mano Dayak da kansa ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen, ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama cikin Disamba na 1995. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Bayan sulhu baƙi sun komo, jirage na zuwa kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi.

Bugu na biyu ya zo a Fabrairun 2007, sa'ad da wata sabuwar ƙungiyar tawaye ta kai hari Iferwan. Aka binne nakiyoyi a hanyoyi, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana baƙi shiga. A Janairun 2008 kuma aka soke gasar Dakar bayan an kashe Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 gasar ta ƙaura zuwa Kudancin Amurka, daga 2020 kuma zuwa Saudiyya.

Tawayen ya lafa a 2009, amma kafin a numfasa sai bugu na uku ya sauka. Cikin Satumba na 2010 ƙungiyar Alƙa'ida reshen Magrib ta sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Gwamnatocin Turai suka gargaɗi mutanensu kada su je arewacin Nijar. Irin wannan gargaɗi ba doka ba ce, amma da zarar an yi shi kamfanonin inshora sukan janye, kamfanin da ba shi da inshora kuwa ba ya iya sayar da tafiya. Saboda haka layi ɗaya da wani ma'aikaci ya ja a taswira a Paris ya isa ya rufe kasuwa a Azbin.

INDA GWANINTAR TA KOMA

Hausawa sun ce in kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Mota tana nan, sanin hanya yana nan, iyali kuma suna jiran abinci. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, hanyar Libiya ta buɗe, direbobi da yawa suka koma ɗaukar baƙin haure daga Agadas zuwa Dirku har Sabha. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, waɗansu suka karkata can. Haɗarin wannan hanya ya bayyana a Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram.

A 2015 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya. Da aka fara aiki da ita sosai a 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Taimakon da aka yi alkawari don su sāke sana'a bai kai ga mafi yawansu ba. Gwamnatin soja da ta karɓi mulki ranar 26 ga Yuli, 2023, ta soke dokar a Nuwamba na wannan shekara. Abin lura a nan shi ne, Turai ta hana 'ya'yanta zuwa Agadas, sa'an nan ta nemi a hana mutanen Agadas aikin da suka koma yi saboda rashin zuwan nasu. An toshe ƙofa biyu ba a buɗe ta uku ba.

LAIFIN SANA'AR KANTA

Gaskiya ita ce, ko a zamanin da kasuwar ke ci, ba ta rasa illa ba. Akwai wata bishiyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar Tenere, babu wata kusa da ita, ayari na gane hanya da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Gandun dajin Azbin da Tenere, mai faɗin kadada miliyan 7.7, ya shiga jerin UNESCO a 1991, amma shekara ɗaya kacal bayan haka aka mai da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, ya kuma shafe fiye da shekara 30 a can. Motar da ke kai mai kallo ita ce ke kai maharbi. Jimina ta ɓace daga dajin, barewa ta yi ƙaranci, kayan duwatsu na mutanen dā kuwa baƙi sun yi ta tsinta suna zubawa a aljihu.

Shi ma tsohon gari yana da nasa ciwon. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe a kai a kai, yaɓe kuwa sai da kuɗi. Ruwan sama mai yawa da aka yi a daminar 2024 ya rushe tsohon masallacin Damagaram a watan Satumba. Wannan gargaɗi ne ga Agadas, domin takardar UNESCO ba ta tare ruwa.

MISALIN MURITANIYA

Ba a rasa inda aka farfaɗo da irin wannan sana'a ba. Muritaniya tana da tsofaffin garuruwa irin su Shingiti da Wadan, waɗanda suka shiga jerin UNESCO a 1996, ga kuma hamada kewaye da su. Ita ma baƙi sun guje ta bayan 2007. Gwamnatinta ta ƙarfafa tsaron iyaka, ta kafa rundunoni masu yawo a daji, ta kuma jawo mazauna hamadar a jika. A 2017 Faransa ta sassauta gargaɗinta, a ƙarshen shekarar kuma jirage suka koma sauka a Atar. Sai da aka yi shekara goma kafin a kai ga haka. Darasin shi ne, tsaro ke zuwa da fari, sa'an nan amincewa, talla kuwa ita ce ta ƙarshe.

ABIN DA YA SHAFI ƘASAR NAN

Babban raunin kasuwar Agadas shi ne ta dogara ga abokin ciniki guda, watau Bature. Alhali kuwa akwai wata kasuwa a kudu wadda ba a taɓa nema da gaske ba. Dangantakar Azbin da ƙasar Hausa tsohuwa ce. Tarihin Gobirawa ya nuna daga Azbin suka gangaro. A birnin Kano akwai unguwar Agadasawa, turkuɗin da Buzaye ke naɗawa kuwa marinan Kura sun daɗe suna rina shi. Hausa ce harshen kasuwa a Agadas. Ɗalibin tarihi daga Zariya ko Sakkwato ba ya bukatar tafinta a can.

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Daura da Damagaram da Tanut zuwa Agadas ba ta kai kilomita 800 ba, tana kuwa ratsa ganuwar Kano da rijiyar Kusugu da fadar Sarkin Damagaram kafin ta kai ga hamada. Amma siyasa ta gitta. An rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Duk wani shiri na haɗin gwiwa sai ya bi ta teburin gwamnatocin biyu.

Ko a cikin gida ma akwai abin yi. UNESCO ta amince da hawan salla na Kano a matsayin al'adar gado ta duniya a Disamban 2024. Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga gandun dajin Yankari da ruwan Wikki a jihar Bauci. Kayan haɗa tsohon birni da daji a tafiya ɗaya suna nan. Sai dai ya wajaba ma'aikatun da abin ya shafa su kiyaye abu uku. Kada a kashe kuɗin talla kafin a tabbatar da lafiyar hanya, domin baƙo ɗaya da aka sace yakan rushe aikin shekara goma. A yi rajistar 'yan jagora daga cikin mutanen wurin, a horar da su, a kuma keɓe wani kaso na kuɗin shiga domin gyaran ganuwa da tsaron daji. Sa'an nan a fara da baƙin gida, watau ɗalibai da ma'aikata masu hutu, waɗanda gargaɗin wata ƙasa ba ya hana su tafiya.

Mutanen Azbin sun nuna cewa wanda ya san daji ba ya zama da hannu biyu. In hukuma ta buɗe masa hanyar halal zai bi ta da baƙi, in kuwa ta bar shi, akwai masu neman gwanintarsa waɗanda ba su tambayar izinin kowa.